Kiɗa da Rawa, Wa Ke Bin Wani? Tarihin Bale da Kiɗansa a Ƙasar Rasha, 1672 zuwa 1913

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wannan karin magana ya ɗauka cewa makaɗi ne a gaba, mai rawa kuwa bin sa yake yi. A wannan takarda za mu dubi tarihin wata irin rawa wadda ta yi wajen shekara 150 tana tafiya a kan akasin haka, watau rawar bale ta ƙasar Rasha. Abin da ake nufi da bale shi ne wasan kwaikwayo wanda ake ba da labarinsa da rawa da motsin jiki, ba tare da an furta kalma ko ɗaya ba, rukunin makaɗa kuma suna zaune a wani rami a gaban dandamali suna kiɗa daga rubutu.

Manufarmu ita ce mu nuna cewa matsayin kiɗa a cikin wannan wasa ya dogara ne ga wanda yake riƙe da gidan wasa, yake biyan albashi, yake ba da umurni. Sa'ad da fada take riƙe da kome, mawallafin kiɗa bara ne ga ƙafar mai rawa. Da wannan tsari ya sassauta sai kiɗa ya sami daraja, har daga bisani ya rinjayi rawar. Za mu ga kuma cewa wannan rinjaye bai zo kyauta ba.

2.0 Shigowar Baƙuwa Fada

A shekarar 1648 Sarki Aleksi na Rasha ya kafa doka mai tsanani a kan makaɗa da 'yan wasan gargajiya masu yawo gari gari, waɗanda ake kira skomoroki. An ba da umurni a ƙwace kayan kiɗansu a ƙone, wanda aka kama kuma a yi masa bulala. Abin mamaki, a gaban wannan sarki ne aka fara nuna bale a birnin Mosko, inda waɗansu baƙi mazauna garin suka yi masa rawar Orfiyus, mawaƙin nan na tatsuniyoyin Girkawa. An daɗe ana rubuta 1673 a matsayin shekarar wannan wasa, amma binciken baya-bayan nan ya nuna a watan Fabrairu na 1672 aka yi shi. Wani baƙo da ya zauna Mosko a lokacin, mai suna Reutenfels, ya ruwaito cewa da farko sarki bai so a sa kiɗa ba, sai da aka fahimtar da shi cewa rawa ba ta yiwuwa ba kiɗa, kamar yadda ba ta yiwuwa ba ƙafa, sa'an nan ya ƙyale. Tun a ranar farko ke nan kiɗa ya shigo a matsayin abin da aka haƙura da shi don rawa ta yiwu.

Da Aleksi ya rasu a 1676 sai aka rufe gidan wasan fada. Ɗansa, Sarki Bitrus Babba, wanda ya kafa birnin San Fitasbag a 1703, shi ya mayar da rawar Turai wajibi a kan manyan ƙasa, da ya yi doka a 1718 cewa a riƙa shirya tarurrukan dare inda maza da mata za su haɗu su yi rawa irin ta Faransa da Jamus. Amma tushen bale a matsayin sana'a sai a 1738 aka kafa shi, lokacin da Sarauniya Ana ta amince wa wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Landé, ya buɗe makarantar rawa a Fitasbag, ya ɗebi 'ya'yan barorin fada ya fara koya musu. Wannan makaranta ita ce aka sa wa sunan malama Vaganova a 1957.

Kiɗan wannan zamani duk daga waje aka yi odarsa, tare da masu rubuta shi. Francesco Araja, mutumin Italiya, ya zo fada a 1735, kuma a ciki da tsakanin wasannin ofera irin nasa, watau wasan kwaikwayo na waƙa, ake saka raye-raye don hutar da 'yan kallo. A 1758 Franz Hilverding ya zo daga Viyana, Joseph Starzer ya zama mai rubuta masa kiɗa. Bayansa Gasparo Angiolini ya zo a 1766, shi kuwa sau da yawa da kansa yake rubuta kiɗan raye-rayen da ya tsara, kamar yadda ya yi a wasan Semira na 1772, wanda ya ɗauko daga wasan marubucin Rasha Sumarokof. A shekarar 1766 ɗin nan ce Sarauniya Katarina ta Biyu ta kafa hukumar gidajen wasa na sarauta. Daga nan 'yan rawa da makaɗa da mawallafan kiɗa duk suka zama ma'aikatan fada, kowa da muƙaminsa da albashinsa, sarkin rawa kuwa, watau wanda yake tsara raye-raye, shi ne a kan mai rubuta kiɗa.

3.0 Bayin Gandu a Kan Dandamali

Ba za a fahimci bale na ƙarni na 18 a Rasha ba sai an tuna cewa wani babban kashi na talakawan ƙasar bayin gandu ne, mallakar masu ƙasa, ana gadonsu, ana sayar da su. Manyan masu ƙasa sun yi koyi da fada, suka gina gidajen wasa a gandayensu, suka zaɓi yara daga cikin bayinsu aka koya musu kiɗa da rawa. Wanda ya fi shahara shi ne gidan Sheremetef, mai dandamali a Kuskovo da Ostankino kusa da Mosko. A nan Tatiyana Shlikova ta yi suna a rawa tana baiwa, ba ta sami 'yanci ba sai a 1803. Stepan Degtiyaref, gwanin rubuta kiɗa kuma jagoran makaɗan gidan, shi ma bawa ne. A 1806 hukumar gidajen wasa ta sayi rukunin 'yan wasa da makaɗa sukutum daga hannun wani mai ƙasa, Stolipin, don ta cika gidan wasanta na Mosko. Ba a soke bautar gandu a Rasha ba sai a 1861.

Wannan yana da nasaba da zancenmu kai tsaye. A ƙasar da ake iya sayen makaɗi da gogensa kamar yadda ake sayen doki da sirdinsa, ba wanda zai tambayi ra'ayin makaɗi a kan yadda wasa zai kasance. Kiɗa hidima ce, kamar kunna fitilu da ɗinka tufafin 'yan rawa.

Duk da haka a ƙarshen ƙarnin an fara jin ƙamshin ƙasa a cikin wasan. Ivan Valberk, ɗan Rasha na farko da ya zama sarkin rawa, ya nuna Sabon Werther a 1799 da kiɗan Sergei Titof, 'yan wasa suna sanye da tufafin zamaninsu, labarin kuma a Mosko ya faru. Charles Didelot, wanda ya zo a 1801, ya gyara makaranta, ya kuma nuna Fursunan Kaukasus a 1823 daga waƙar Pushkin, da kiɗan Catterino Cavos, mutumin Banis. Labari ya fara zama na Rasha, 'yan rawa irin su Avdotiya Istomina 'yan Rasha ne, amma tsarin aiki bai motsa ba: Didelot ne yake faɗin abin da yake so, Cavos ya kawo.

4.0 Kiɗa Bisa Awo

A tsakiyar ƙarni na 19 wannan tsari ya kai matuƙa, har hukuma ta keɓe muƙami na musamman, watau mawallafin kiɗan bale na gidajen sarauta. Cesare Pugni ya riƙe shi daga farkon shekarun 1850 har rasuwarsa a 1870, sa'an nan Ludwig Minkus, haifaffen Viyana, ya gaje shi. Sun yi aiki a ƙarƙashin sarakunan rawa uku, dukansu Faransawa: Jules Perrot, da Arthur Saint-Léon, da Marius Petipa wanda ya zo Fitasbag a 1847.

Ga yadda aikin yake tafiya. Sarkin rawa ne yake tsara wasa, ya ƙidaya yawan gaɓoɓin kiɗan da kowace rawa take bukata, ya faɗi saurinta da irin karinta, mawallafi ya je ya cika awon. Ana so kari ya fito fili, gaɓoɓi su zo takwas takwas ko sha shida sha shida, yadda mai rawa za ta san inda za ta ɗaga da inda za ta dire. Da goge ɗaya ko biyu ake gwaji, saboda haka duk kiɗan da ba ya jiyuwa a bakin goge ba shi da amfani. In an tsawaita rawa a ƙara kiɗa, in an rage a datse. Bugu da ƙari, fitacciyar 'yar rawa tana da ikon ta zo da kiɗan da ta saba da shi daga wani wasa dabam a cusa mata shi. Da wannan hanya aka yi 'Yar Fir'auna a 1862 cikin makonni kaɗan, da Ɗan Doki Mai Doro a 1864, duka da kiɗan Pugni, da kuma Don Kihote a 1869 da Bayadere a 1877 da kiɗan Minkus.

Masu nazarin kiɗa sun daɗe suna raina waɗannan mutane biyu. A ganinmu adalci shi ne a auna su da aikin da aka ɗauke su su yi. Maɗinki da aka ba awo, aka ce gobe ake so, ba a zarge shi don bai saƙa sabon yadi ba. Shaidar gwanintarsu ita ce Don Kihote da Bayadere sun haye ƙarni na 20 ana rawarsu a manyan gidajen wasa na duniya. Amma gaskiya ne tsarin ya kori manyan mawallafan Rasha daga bale. Glinka ya rubuta raye-raye masu daraja, sai dai a cikin oferarsa ya sa su, ta 1836 da ta 1842. A 1872, da hukuma ta haɗa Borodin da Kui da Musorgski da Rimski-Korsakof su rubuta wani babban wasa mai suna Mlada, su waƙoƙi aka ba, kiɗan rawa kuwa aka miƙa wa Minkus. Wasan ma bai kai ga dandamali ba. Wannan rabo ya nuna yadda kowa ya ɗauka cewa kiɗan rawa sana'a ce dabam, ta ƙasa.

5.0 Caikofski da Daidaituwar Ma'auni

Abubuwa biyu suka kawo sauyi. Na farko, buɗe manyan makarantun kiɗa a Fitasbag a 1862 da Mosko a 1866 ya samar da mawallafa 'yan ƙasa masu ilmi mai zurfi, waɗanda ba barorin gidan wasa ba ne. Na biyu, ɗaya daga cikinsu, Caikofski, yana ƙaunar bale, bai ɗauke shi abin kunya ba. A 1875 gidan wasan Bolshoi na Mosko ya ba shi aikin rubuta Tafkin Suwan a kan ladan rubul 800. Suwan wata farar tsuntsuwar ruwa ce mai dogon wuya, dangin dinya, labarin kuwa na wata gimbiya ce da matsafi ya mayar da ita wannan tsuntsuwa. An fara nuna wasan a 1877, Julius Reisinger ne ya tsara rawar. Caikofski ya gina kiɗan ne kamar yadda ake gina simfoni: akwai karin da yake wakiltar gimbiyar, yana tafiya yana dawowa, yana sauya kama bisa ga halin da labari ya shiga.

Wani abin da ya faru a shekarar ya isa misali a kan karon tsohon tsari da sabo. 'Yar rawa Anna Sobeshcanskaya ba ta gamsu da rabonta ba, sai ta tafi Fitasbag, Petipa ya tsara mata sabuwar rawa a kan kiɗan Minkus, ta dawo tana so a cusa shi a cikin wasan. Caikofski ya ƙi yarda a sa kiɗan wani a cikin nasa. Sulhun da aka yi shi ne ya rubuta sabon kiɗa wanda ya yi daidai da na Minkus gaɓa da gaɓa, yadda ba sai ta sake ko taki ɗaya ba. Ya tsare sunansa, amma awon ƙafarta ya bi. Wannan yanki ya ɓace, sai a 1953 aka gano shi a ma'ajiyar Bolshoi, George Balanchine ya tsara masa rawa a 1960. Kafin a daina nuna wasan a Mosko a 1883 kuwa, an riga an cusa masa kaɗe-kaɗen waɗansu.

Wanda ya karya tsarin daga sama shi ne Ivan Vsevolojski, shugaban gidajen wasa na sarauta daga 1881 zuwa 1899. A 1886 ya soke muƙamin mawallafin kiɗan bale, Minkus ya yi ritaya. A 1888 ya gayyaci Caikofski ya rubuta Kyakkyawa Mai Barci, shi da kansa ya tsara labarin daga tatsuniyar Perrault. Petipa bai bar al'adarsa ba: ya ba Caikofski rubutaccen tsari, yana faɗin yawan gaɓoɓi da sauri da yanayin kowane yanki. Caikofski ya karɓi awon, ya cika shi da kiɗan da ba a taɓa jin irinsa a bale ba, inda tun daga buɗewa ake jin karin muguwar aljana da na aljanar alheri suna fuskantar juna, kuma a kan wannan karo dukan wasan ya ginu. An nuna shi a gidan wasan Mariinski a watan Janairu na 1890. A ra'ayinmu a nan ne ma'auni ya daidaita, domin kowane ɗaya daga cikin mutanen biyu ya sami iyaka daga ɗan'uwansa, kuma iyakar ta ƙara masa ƙarfi. Glazunof ya bi wannan hanya da Raimonda a 1898.

Sai dai kada mu ɗauka tsohuwar al'ada ta mutu. Bayan rasuwar Caikofski a 1893, da Petipa da Lev Ivanof suka farfaɗo da Tafkin Suwan a 1895, jagoran makaɗa Riccardo Drigo ya datse kiɗan, ya sauya wa waɗansu yankuna wuri, ya ƙara waɗansu daga kaɗe-kaɗen fiyano na marigayin. Wannan gyararren tsari shi ya zama tushen yawancin abin da duniya ta sani da sunan wasan.

6.0 Ranar da Kiɗa Ya Shiga Gaba

Matakin ƙarshe a wajen Rasha aka taka shi, kuma wannan ba haɗari ba ne. Sergei Diyagilef ya kwashi 'yan rawan gidajen sarauta a lokacin hutunsu ya kai su Faris a 1909. Ba shi da baitulmalin sarki a bayansa, dole ya jawo masu sayen tikiti da masu ba da gudummawa, su kuwa sabon abu suke nema. Sarkin rawarsa, Mikail Fokin, ya riga ya ƙosa da tsohon tsari. A wata wasiƙa da ya aika wa jaridar Times ta Landan a 1914 ya bayyana cewa rawa da kiɗa da zane abokan tarayya ne masu daraja ɗaya, kuma bai kamata a tilasta wa mawallafi wani nau'i na musamman wai shi kiɗan bale ba.

Diyagilef ya ba wani saurayi, Igor Stravinski, aikin Tsuntsun Wuta, aka nuna shi ranar 25 ga Yuni, 1910. A wannan wasa Fokin da Stravinski kafaɗa da kafaɗa suka yi aiki. Petrushka na 1911 kuwa asalinsa kiɗa ne da Stravinski ya fara rubutawa don fiyano da rukunin makaɗa, daga baya aka nema masa labari da rawa. Kiɗa ya riga rawa zuwa ke nan.

A wasan Bazara Mai Tsarki aka kai ƙarshen hanya. Labarin na maguzawan Rasha ne na zamanin da, inda ake zaɓen budurwa ta yi ta rawa a gaban dattawa har ta mutu, don a sami albarkar ƙasa. Stravinski ya watsar da awon takwas takwas, yawan bugu yana sauyawa daga gaɓa zuwa gaɓa, nauyin kari yana faɗowa inda kunne bai zata ba. 'Yan rawa suka rasa abin kamawa, har sai da Diyagilef ya ɗauko Marie Rambert don ta taimaka wa mai tsara rawar, Vaslaf Nijinski, wajen ƙidayar bugu. Daren farko, 29 ga Mayu, 1913, a Faris, 'yan kallo suka yamutse da ihu da gardama har 'yan rawa ba sa jin makaɗa, Nijinski ya hau kujera a gefen dandamali yana ƙwala musu ƙidaya. Shekara 36 kacal tsakanin wannan dare da ranar da Caikofski ya auna kiɗansa da takin Sobeshcanskaya.

To, amma mene ne sakamakon? Rawar Nijinski ba a nuna ta ko sau goma ba aka ajiye ta, aka manta. A watan Afrilu na 1914 aka kaɗa kiɗan shi kaɗai a Faris, ba 'yan rawa, jama'a suka yi ta tafi. Da Diyagilef ya so maido da wasan a 1920, sai da Leonid Massin ya tsara sabuwar rawa. Ta Nijinski sai a 1987 aka yi ƙoƙarin sake gina ta a Amurka daga zane-zane da bayanan waɗanda suka gani. Kiɗan ya yi ƙarfin da zai iya rayuwa ba rawa, ya tafi ya bar ta. Rukunin Diyagilef kuma bai taɓa yin wasa a cikin Rasha ba har ya watse da rasuwarsa a 1929.

7.0 Kammalawa

Mun bi wannan tarihi ta matakai uku. A na farko, daga 1738 zuwa 1886, fada ce mai kome, sarkin rawa ne wakilinta, mawallafin kiɗa kuwa ma'aikaci ne mai cika awo, ko baƙo ne mai albashi ko bawan gandu. A na biyu, zamanin Caikofski da Petipa, ɓangarorin biyu suka tsaya daidai. A na uku, da wasan ya fita daga inuwar fada ya shiga kasuwar Faris, kiɗa ya zama mai ba da umurni, karin maganar da muka buɗe da shi ya tabbata a kan bale.

Darasin da muke gani a nan, musamman ga masu koyar da tarihin fasaha, shi ne kada a yanke wa mai fasaha hukunci ba tare da an tambayi wanda yake ciyar da shi da irin ikon da aka bar masa ba. Rasha ba ta rasa masu baiwar kiɗa ba a zamanin Pugni, ƙofar ce take rufe, kuma da sa hannun shugaba guda aka buɗe ta a 1886. Haka kuma bai kamata a karanta tarihin a matsayin hawa daga duhu zuwa haske ba, domin kowane mataki da abin da ya salwantar: a farko kiɗa ne ake datsewa a yar, a ƙarshe rawa ce ta ɓace. Wasan da kiɗansa da tsarin rawarsa suka rayu tare, suka haye juyin mulkin 1917 da rushewar fadar da ta haife su, shi ne na 1890, wanda aka yi sa'ad da mawallafi ya yarda da awo, sarkin rawa kuma ya yarda a cika awon da abin da ya fi ƙarfin tsammaninsa.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Muna fata zai zama abin tattaunawa ga mahalarta wannan taro.